Ledar Mai Rediyo

"Ta sake mutuwa!" Auta ta buga tebur da tafin hannu har ƙusoshi suka yi tsalle.

Karo na tara ke nan. Tun safe nake zaune a bakin ƙofa ina ƙirgawa, ni da na shigo aron rariya. Za ta danna maɓallin kwamfuta, fanka ta ɗauka fuuu, rubutu ya fito a allo, kafin ka ƙirga goma sha biyu sai ɗif, kamar an shaƙe kaza.

Ubanta, Mai Rediyo, yana kwance bisa matashi uku, numfashi na fita da ƙyar. Shekara talatin da ɗaya muna maƙwabtaka, katanga ɗaya ce tsakaninmu, kuma alhamdu lillahi ba ta da kauri. Likita ya gaya wa Auta a tsakar gida cewa abin ya zo gangara. A hankali ya faɗa, amma kunnena bai tsufa ba.

Shi ya haɗa kwamfutar da hannunsa, makon da ciwon ya kayar da shi. Tsohuwar kwamfutarsa ta ƙone, faifan ajiyarta kawai ya tsira, kuma a cikinsa muryar matarsa take, ƙawata marigayiya. Wani kaset ne ta aika masa lokacin yana aiki nesa da gida; kaset ya tsinke tuntuni, sai abin da ya kwafa. Auta ta ce bari ta kai faifan ofishinsu, inda take gyaran irin waɗannan injina. Ya ce faifan nan ba ya fita ɗakin nan. Ji yake so ya yi, a gadonsa, kafin ya tafi.

"Wayar nan mai baki takwas," ya ce, idonsa a rufe. "Kin duba?"

"Na duba, Baba. Na zare sandunan ram na cikin injin na goge, na mayar ɗaya bayan ɗaya. Tukunyar wuta ma na canza. Duk kanwar ja ce."

"Aikina ba ya kuskure."

"Ban ce ya yi ba."

Ya buɗe ido ɗaya ya dube ni. "Tasha, me kike jira? Labaran rana?" Haka yake kirana, wai ni ce tashar unguwa.

"Rariya nake jira."

"Ga ta nan a cinyarki tun hantsi."

Ya so ya yi dariya, sai tari ya sarƙe shi. Auta ta yar da sukudireba ta tallafo kansa. Tarin ya daɗe, ya daɗe ƙwarai. Da ya lafa, leɓɓansa sun canza launi, ni kuwa na ga irin wannan launin sau da yawa, na san abin da ke biye da shi.

"Gwaggo," Auta ta ce da ni ƙasa-ƙasa, hawaye na zuba, "zan haƙura da ita. Gara in zauna kusa da shi. Kamar zafi ne ke kashe ta, amma taɓa ƙarfen nan na ƙarƙashin fanka ki ji, sanyi ƙalau. Na rasa gane kanta."

Ni shiru ba ya zama a bakina, balle irin wannan shirun. Na waiwaya ina neman abin faɗa. Ga kujera cikin ledarta shekara goma sha ɗaya. Ga rimot a leda. Agogon bango ma ledar fuskarsa na nan, ta yi ja don tsufa.

"Ni abin da ya ba ni mamaki," na ce, "yadda ubanki ya bar akwatin nan tsirara. Mutumin da bai taɓa cire wa sabon abu leda ba! Uwarki har ta koma ga Allah kujerar nan na manne mata a cinya."

Auta ta tsaya cak. Ta juya a hankali.

"Baba. Ƙarfen da ke zaune kan ƙwaƙwalwar injin. Ka ɓare ledar gindinsa?"

Ya kau da kai wajen bango.

"Baba!"

"Sabo ne fil," ya ce, kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya. "Sai ya ƙwarzane?"

Ban taɓa ganin hannu mai sauri kamar na Auta ba. Ƙusa huɗu ta kwance, ɗaya ta gangara ƙarƙashin gado. Ni da gwiwoyin nan nawa na durƙusa na lalubo ta, kunnena dab da ƙirjinsa, ina jin numfashin yana ja yana tsayawa. Ta ɗago ƙarfen. Ga ta nan: 'yar leda ba ta kai tafin hannun jariri ba, da jan rubutu a jikinta, duk ta ɓaci da wani mai kamar na goge baki. Ita ta tare zafin ya kasa fita, injin yake kashe kansa don kada ya ƙone.

Ta ɓare, ta goge, ta ɗiga sabon mai, ta ɗaure. Ta danna.

Na ƙirga da ƙarfi. Goma. Sha ɗaya. Sha biyu. Sha uku. Ashirin. Auta ta ce, "Gwaggo, ya isa," tana ta danne-danne.

Sai ga ƙawata, muryarta ɗanya shar, kamar tana bayan labule.

"Salamu alaikum, maigida. Kana cin abinci kuwa? Yara lafiya lau. Maƙwabciyarmu ta shigo aron rariya da safe, wallahi sai da ta kai azahar."

Mai Rediyo bai buɗe ido ba, amma kafaɗarsa ta motsa, na san dariya ce. Ya miƙa hannu wajen Auta. Ta ɗauka hannunta yake nema, sai ya girgiza kai ya nuna ledar.

"Kada ki yar," ya ce.

Sau uku aka maimaita muryar. A na ukun, kafin ƙawata ta kai ƙarshen maganarta, Auta ta sa hannu ta shafe masa ido. Ba wanda ya tashi ya kashe injin. Fanka na ta juyawa a hankali, rana ta sauko kan gadon, 'yar ledar na leƙowa daga tsakanin yatsunsa.