Ragon Nowel na Likita Ɗanladi

Shekarar da fari ya cinye shanun Gure, wato 1973, likita Ɗanladi yana cikin shekararsa ta huɗu a garin. Mutumin Dogon Dutsi ne, kuma shi da matarsa Yabawa kaɗai ne Kirista a unguwarsu. Abin bai taɓa damun kowa ba. Duk Nowel, wato Kirsimeti, yakan kai wa Malam Sha'ibu, limamin unguwa, rago ya yanka da bisimilla, Yabawa ta raba naman gida-gida, kamar yadda ake aiko musu ran Layya.

A shekarar ma ya samu wani ramammen rago ya ɗaure. Saura kwana uku biki, da la'asar, ma'aikata na shan shayi a ƙofar lakwal, wato makarantar boko, sai Hassane, malamin da aka turo daga Tawa, wanda ake kira Mushe kamar kowane malamin boko, ya taso da gardama kamar yadda ya saba.

"Likita, ka san ranar nan taku ba ta cikin Linjila? Na karanta a Yamai. Rumawan da, masu bautar rana, a ranar suke bikinsu. Ku dai kun tarar da tukunya bisa wuta kuka sauke."

"Wasu masana sun musa, Mushe," in ji Ɗanladi. "Sun ce lissafi aka yi, wata tara daga ranar da aka yi wa Maryamu albishir."

"To, kowa da littafinsa!"

Aka yi dariya, har da Ɗanladi, amma ta ciki na ciki. Mahaifinsa Azne ne, kuma a kan naman da aka yanka wa iskoki gindin tsamiya suka rabu, ya bar gida ba sallama. Ga shi yau ana jingina shi da abin da ya gudu ya bari.

Ibram, mai gadin lakwal, wanda shanunsa suka ƙare ƙaf a daminar da ba ta zo ba, yana gefe yana ji. Shi ya kai zancen kasuwa. Kafin zancen ya isa rijiyoyin lambu, babu Rumawa a ciki, babu littafi. Abin da ya rage shi ne likita yana yi wa rana yanka.

Ran Nowel da safe Malam Sha'ibu bai ko dubi ragon ba. Ya ce, "Ɗanladi, ni na san ka. Amma bana ka yi mini haƙuri."

Ɗanladi ya yanka da kansa. Kwanukan da Yabawa ta kai suka dawo a rufe, a shekarar da mutane ke dafa ganye su kwana. Hajja Zulai, maƙwabciyarsu, ta kawo nata da hannunta.

"Ɗana, rana ta ƙone mana gona, ta kashe mana dabbobi. Kai kuma ka yi mata yanka ka aiko mana?"

Ya yi rantsuwa, ya yi bayani. Ta ajiye kwanon ta juya.

Wata bai cika ba ƙyanda ta ɓulla a bukkokin makiyayan da yunwa ta koro bakin gari, daga nan ta shigo unguwanni. Mata suka daina kawo yara gidan likita. Ɗanladi ya saɓa akwatin allura ya bi gida-gida, wasu suka buɗe, mafi yawa suka ce mai gida ba ya nan. Mushe Hassane ya tsaya bayan sallar Juma'a yana cewa gardamar 'yan boko ce kawai, shi ma bai tabbatar ba. Aka ce ai ma'aikata ne, dole su rufa wa juna asiri.

Balkisu, jikar Hajja mai shekara uku, ta kwana biyar ana dafa mata saiwa, katanga ɗaya tsakaninta da maganin. Ɗanladi yana jin tarinta daga tsakar gidansa. Sau biyu yana sallama ana hana shi shiga. Da aka fito da ita cikin tabarma, ya bi jana'izar daga nesa, ya tsaya bayan wani tudun rairayi har aka watse.

Washegari ya rubuta takardar neman a sauya masa wurin aiki. Ranar tafiya Hassane ya zo ya taya su ɗora kaya a motar Damagaram, ya buɗe baki zai yi magana, Yabawa ta ce, "Bari, Mushe."

Sai bayan wata biyar aka turo wani likita.