Sabo da Saniyar Gonar Tarihi

Duk wanda ya taɓa cin abinci a gidan Injiniya Sabo da ke Germantown ta Amurka ya san irin wahalar da mutumin nan ya sha yana yaro. Idan ɗansa Kamal ya rage shinkafa a faranti, sai ya ji yadda ubansa ya yi noma da yunwa. Idan Radiyya, babbar 'yarsa, ta ce intanet na ja, sai ta ji yadda ubanta yake tatsar shanu da asuba kafin ya tafi makaranta ba takalmi. Matarsa Saudatu takan ci gaba da cin abincinta. Ta san gidan su Sabo a Nasarawa ta Kano, ta san bishiyoyin mangwaron da ke harabar, har direban da yake kai shi makaranta ta sani. Saniya kuwa, in ya taɓa kusantarta, to a cikin miya ne.

Ita Saudatu a wani ƙauye bayan Dambatta ta tashi. Ba ta ba da labarin, ba a kuma tambayarta.

Wata Asabar cikin Oktoba Sabo ya ji cewa wata gonar tarihi a nan Maryland za ta nuna rayuwar Turawan da suka yi ƙaura zuwa yammacin ƙasar a amalanken shanu, gwamnati ta yanka musu filaye a dajin ciyawa suka zauna suna noma. Nan take ya ce kowa ya shirya.

"Yau yaran nan za su ga abin da nake faɗa musu da idonsu," in ji shi.

"Allah Ya nuna mana, Abban Radiyya," in ji Saudatu. "Ni ma na daɗe ina son in gani."

A bakin gonar wata dattijuwa mai suna Olive ta tarbe su, sanye da doguwar riga irin ta dā da hula mai igiya a haɓa. Tsohuwar malamar makaranta ce, ga fara'a har ta yi yawa. Ta shigar da su wani ɗaki da aka gina da curin ƙasa mai ciyawa, ta rage murya ta ce su yi tunani, mutum ya kwana a nan ba lantarki, ba famfo. Iyalan da ke wurin suka dafe ƙirji. Saudatu ta dubi rufin, ta ga ko yoyo ba ya yi, ta ce a ranta lallai waɗannan bayin Allah sun ga tashin hankali.

Sabo kuwa sai gyaɗa kai yake. "Kamar ɗakinmu," ya ce da Turanci, da ƙarfi yadda kowa zai ji.

Da aka zo garke, Olive ta tambaya ko akwai wanda ya taɓa tatsar saniya. Kamal ya ɗaga hannu har yana tsalle.

"Abbana! Kullum yake yi a Afirka!"

Olive ta tafa hannu don murna. Mutane suka buɗa hanya. Sabo ya waiwayi matarsa, ita kuma ta sakar masa murmushi, ta miƙa hannu ta karɓi wayarsa da agogonsa don kada su ɓaci.

Saniyar sunanta Glory, jibgegiya ce, ta kuma saba da hannun yaran firamare. Sabo ya naɗe hannun riga ya zauna a 'yar kujera, ya yi bisimilla, ya kama hantsar kamar mai jan igiyar janareta. Ko ɗigo bai fito ba. Ya ƙara ƙarfi. Glory ta juyo ta kalle shi, kallo na tsanaki, sannan ta shauɗa masa jela a fuska, ta ɗaga ƙafa ta taka bokitin tatsar. Sabo ya zabura baya, kujerar ta kife, ya zauna daɓas a cikin abin da Glory ta ajiye tun da safe. Da ya yunƙura zai tashi, bayansa ya ce bai san zancen ba.

Olive ta rikice tana ta ba da haƙuri, wai Glory ba ta taɓa yin haka ba.

"Ba laifinki ba ne," in ji Sabo daga ƙasa. "Shanunmu na gida daban ne. Sai an yi musu waƙa tukuna."

Olive ta ce wannan al'ada ta burge ta ƙwarai, ko zai rera musu kaɗan? Sabo ya ce bayansa ba zai bari ba.

Aka kwantar da shi a kan benci ƙarƙashin bishiya, Kamal na yi masa fifita da takardar taswirar gonar. Olive, don ta wanke laifin saniyarta, ta ja Saudatu da Radiyya zuwa wurin dutsen niƙa, inda mata ke layi suna gurza masara suna ɗaukar hoto.

"Gwada mana, za ki ji daɗi," in ji Olive.

"Na gode," in ji Saudatu. "Na ji daɗina tun tuni."

Radiyya ta durƙusa ta gwada. Ba a jima ba ta miƙe tana yarfe hannu. Sai ta lura uwarta ta ƙura wa dutsen ido, ba dariya a fuskarta.

"Umma, kin iya ne?" ta tambaya da Turanci.

"Na iya. Shi ya sa ba zan taɓa ba." Ta nuna dutsen da haɓa. "Kakarki Inna a kan irin wannan ta tanƙware. Kina ganin tafiyarta, kin zaci tsufa ne kawai?"

Radiyya ta matso kusa da ita. Ta riƙe hannun uwarta har suka koma wurin benci, abin da ta daina yi a gaban mutane tun da ta shiga sakandare.

Saudatu ce ta tuƙa motar a dawowa, an shimfiɗa wa Sabo ledar shara a kujerar baya, gilasai duk a sauke. Suna cikin cunkoson babbar hanya Radiyya ta ce a kira Inna. Da tsohuwar ta ɗauka, yarinyar ta harhaɗa Hausarta da ƙyar ta ce, "Inna, yau na yi niƙa. A dutse. Kamar ke."

Inna ta yi salati. "A dutse? A Amurkan? Saudatu, lafiya kuwa? Aikin Sabon ne ya tsaya?"

"Lafiya lau, Inna. Tikiti muka yanka muka shiga."

Tsohuwar ta yi dariya har da tari. Ta ce ko su nan ƙauye yanzu inji suke kaiwa, dutsenta ma kaji ne ke shan ruwa a kansa. Sannan ta ce a ba ta surukinta su gaisa.

Sabo ya rufe ido ya ce a gaya mata barci yake.