Ƙuda a Kan Idon Dama

Ranar wata Talata ce cikin watan bakwai. Hadari ya haɗo ta wajen Doguwa tun hantsi, ga gumi, ruwan kuma ya ƙi sauka. Ina shagon waldar Malam Sha'aibu a Kwanar Dangora, ina goge ƙarfen amalanke, sai wani ɗan ɓurɓushi ya yi tsalle ya shige idona na dama.

Amalanken nan shi ne aikin farko da aka bar mini ni kaɗai. Na wani Bafulatani ne daga Falgore, zai zo ɗauka ran Lahadi. A gida Baba ya riga ya yanke mini hukunci: na bar makaranta a aji biyu, na bar ɗinki, na bar acaɓa, waldar ma ba zan kai ko'ina da ita ba. Na rantse wannan sai na gama shi.

Malam Sha'aibu ya yi mini abin da masu walda ke yi. Ya kara maganaɗisu a idon, ya ɗiga madarar gwangwani. Ba abin da ya fito.

Washegari na je asibiti a Tudun Wada. Ma'aikaciyar ido, Malama Lubabatu, ta ɗiga mini wani magani. Kafin in ƙirga goma zafin ya ɗauke. Ta taɓa ƙwayar idon da zaren auduga, ban ji komai ba. Ta cire ƙarfen.

Na ce, "Anti, ki ba ni kwalbar nan."

"Ba a ba wa kowa. Ba ya warkarwa, jin idon yake kashewa. Zafin nan shi ke sa ka ƙifta, shi ke kawo hawaye. Idan ka yi ta ɗigawa, ciwon zai ci idon ba ka sani ba. Ga man shafawa, ka huta kwana uku."

"Aiki ke jirana."

"Ƙarfe ba ya ruɓewa, Mujitaba."

Da ta juya wanke hannu, na ɗauki hoton kwalbar da wayata. A kemis na uku na samu, mai shagon ko tambaya bai yi ba.

Alhamis ina ɗigawa bayan kowace awa. Juma'a sai da ya koma duk rabin awa. Da maganin ya sake ni, zafin kan dawo kamar an watsa barkono, sai in ƙara. Gilashin walda ma na ajiye shi, tunda hasken ya daina damuna.

Ran Asabar ina ɗaure ƙafar amalanken, Malam Sha'aibu ya tsaya a kaina.

"Kai, ƙuda ne fa a kan idonka."

"Ina?"

"A kan baƙin. Yana yawo kamar a gonar ubansa. Ajiye sufanar nan ka tafi asibiti."

"Oga, saura ƙafa ɗaya."

"Ni zan ƙarasa."

"In ka ƙarasa ya zama naka."

Ya ce, "Taurin kai dai ka gaje shi, wallahi," ya koma bakin aikinsa.

Ran Lahadi mai amalanke ya zo da shanunsa biyu. Ya girgiza shi, ya hau ya yi tsalle a ciki, ya ce ya yi. Da idon hagu na kalli tafiyarsa, don na dama hazo kawai yake gani.

Litinin Malama Lubabatu ta haska idon. Na miƙa mata kwalbar da kaina kafin ta tambaya. Ta rubuta mini takardar Kano. Can suka kwantar da ni, suka tsayar da gyambon da ke cin idon, amma hakiya ta rufe baƙin idon.

Da na dawo Baba ya ce, "To ka gani. Sai ka zo mu kama ciyawar masara."

Na durƙusa na ce, "Baba, ka yi haƙuri. Shago zan koma."

"Da ido ɗaya?"

"Shi zan rufe da gilashi."

Abin da ya tafi: ganin idon dama, kwana goma sha tara a gadon asibiti, wata biyu ban kunna injin walda ba, da tuƙin babur a kan babban titi.