Tururuwa a Ƙoƙon Hansai

"To, mu yi ciniki," na ce wa Hansai, matata. "Ki gwada nonon akuyar nan yadda kika gwada na matar ɗanmu. In tururuwa ta fita da ranta, na kama bakina. In ta mutu, jinjiri ya koma wa uwarsa yau ɗin nan."

"Kai komai ciniki ne a wurinka, Malam. Na yarda. In ka faɗi kuma, ka daina sa baki a harkar mata."

Wannan a gidanmu ne na unguwar Ajiya, shekarar da aka haɗa mu da Maiduguri aka ce mun zama jiha ɗaya. Ɗanmu Salihu direba ne, yana can kan hanyar. Matarsa Huseina ta haifi ɗanta na fari, nonon ya zo da kauri, rawaya-rawaya, wanda ake kira dakashi. Hansai ta sa aka tatsa a ƙoƙo, ta jefa tururuwa, tururuwa ta maƙale ta mutu. Shi ke nan, ta ce nono mai dafi ne. Aka raba yaro da mama, ana ɗura masa madarar shanu da ruwa. Cikinsa ya ɓaci, kukansa kullum yana ƙara siranta. Ina jiyo shi daga zaure, ina jiyo na uwar ma, ko da yake tana toshe baki da zane.

Ni ban yi boko ba, dillancin awaki na tashi a ciki a kasuwar Jimeta. Amma na sha ganin ɗan akuyar da bai samu nonon farko ba, ba ya yin ƙwari. Ranar kuwa da asuba akuyar gida ta haihu, Hansai har tana murna an samu madarar jinjiri.

Da hannunta ta tatsa. Ya zubo da kauri, rawaya, kamar na Huseina. Ta ɗan dakata, sannan ta tsinto tururuwa daga gindin rumbu ta saka. Tururuwar ta yi ta mutsu-mutsu, ƙafafun suka manne, ta daina motsi.

"Allah ya jiƙan ta," na ce. "Ga kuma wanda ya sha dafin tun asuba." Ɗan akuya yana tsaye yana tunkuyin hantsar uwarsa, bindi na rawa.

Na zaci za ta yi gardama. Sai ta zauna a kan turmi, ƙoƙon a cinyarta.

"Haka Goggo ta gwada nawa," ta ce a hankali. "Lokacin Zinariya."

Zinariya 'yarmu ce ta fari, ba ta ga arba'in ba. Tun da muka binne ta ban taɓa jin sunan a bakin Hansai ba.

"Kwananta ne ya ƙare, Hansai."

"Na sani. Amma duk shekarun nan ina ganin da dafi nake yawo a ƙirji. Salihu ma sai da na sha sassaƙe har na gaji kafin a miƙo min shi."

Na karɓi ƙoƙon na zubar.

Ta miƙe, ta wanke hannu, ta shiga ɗakin Huseina. Na ji tana cewa, "Zauna sosai, 'yata. Tallafo kansa, haka. Kar ki ji tsoro, lafiyar nononki ƙalau." Kukan ya ɗan ci gaba, sai ya yanke. Yaro ya kama mama.

A wannan ciniki jinjiri ne ya kwashi riba, ga shi yanzu ƙato, ya fi ubansa tsawo. Ɗan akuya ma ya tsira da nonon uwarsa. Ni da na ci, ban ji daɗin cin ba, don na tono wa matata kabarin da ta rufe. Ita kuwa da ta faɗi, da yammacin ranar na same ta da jikan a kafaɗa, tana ba shi labarin wata goggonsa Zinariya.