Hoton Jana'izar Baba

Ran da Baba ya dawo daga jana'izar maƙwabcinmu tsoho Horiuchi, ko takalmi bai gama cirewa ba ya fara faɗa. Ba mutuwar ce ta ɓata masa rai ba, don shekararsu arba'in suna gaba a kan wani icce mai zubo mana ganye a tsakar gida. Hoton da aka kafa a tsakiyar furanni, saman akwatin gawa, shi ya hana shi sakat. 'Ya'yan Horiuchi sun nemi hoton ubansu na kirki sun rasa, sai masu shirya jana'iza suka yi abin da suka saba. Suka yanko kansa daga hoton wata tafiyar ƙungiyar tsofaffi, fuska ja wur don giya, suka liƙa a kan baƙar kimono, doguwar rigar gargajiya, ta wani mutum daban. Wuyan ya fi kan kauri. Tambarin da ke ƙirjin rigar ma na wani gida ne. Kuma hoton ke nan da zai hau bango a jerin iyaye da kakanni, jikoki suna rusuna masa kowace safiya.

Baba ya ce shi kam ba za a yi masa haka ba. Yana so a ɗauke shi tun yana kan ƙafarsa, da rigarsa, da tambarin gidanmu, da wuyansa na kansa.

Na ce ai abu mai sauƙi ne. Shagon hoton Kanamori yana nan bakin tashar jirgi, minti ashirin ya ishe mu, gobe ma sai mu je. Tun rasuwar Mama ni ke zaune da Baba a garin Takaoka, ni ke dafawa, ni ke kai shi asibiti, saboda haka na ɗauka maganar ta ƙare. Na manta ranar Lahadi ce, kuma Yaya Masakuni yana zaune yana shan shayin da na haɗa masa.

Yaya Masakuni shi ne babban ɗa. Watansa uku da yin ritaya daga ofishin ruwa, kuma ya sanar da dangi kaf cewa ya shiga harkar ɗaukar hoto. Abin da shigar ke nufi a lokacin shi ne ya sayi mujallu huɗu da hula. Ya ajiye kofi ya ce abin kunya ne a kai uba wurin bare alhali akwai mai hoto a gida. A bar masa, kyamara kawai zai zaɓa. Baba ya gyaɗa kai, don a gidanmu in babban ɗa ya yi tari ma shawara ce.

Ga abin da Baba bai sani ba. Mako uku kafin wannan rana likita ya kira ni da Yaya cikin ƙaramin ɗaki ya rufe ƙofa. Ciwon daji ne a hanta, ya wuce aiki, da wuya Baba ya ga sabuwar shekara. Kamar yadda ake yi wa kowane tsoho, muka amince a ce masa gyambon ciki ne. Likita ya ƙara da cewa nan da tsakiyar zafi, wajen Yuli, jikin zai fara zubewa, launin fata zai canja. Ni na ji wannan da kunnena. Yaya ma yana wurin, yana karanta kalandar da ke bango kamar za a yi masa jarrabawa a kanta. Lokacin farkon Afrilu ne, Baba da kumatunsa, yana cin shinkafa kwano biyu. Hoton da za a ɗauka a watan nan shi ne Baba. Wanda za a ɗauka daga baya kuwa ni ban so in yi tunaninsa ba.

Afrilu gaba ɗaya ya tafi a kan uwar kyamara, wato akwatin kansa, ba gilashin gaba da ake ce wa ido, ba fitila. Ashe iri biyu ne, akwai mai saita kanta da kanta, akwai wadda sai mutum ya murɗa da hannu. Yaya ya ce ta farkon ta ragwaye ce, ta biyun kuma idonsa ba zai iya ba, saboda haka dole a yi nazari. Ya ja layuka a takarda mai gidaje irin ta ofis, ya rubuta nauyin kowace, da saurin ƙiftawarta, da ra'ayin masana. Wata tana ɗaukar hoto biyar a daƙiƙa guda. Na ce masa Baba ba dokin sukuwa ba ne, in aka zaunar da shi sai an taimaka masa yake tashi. Ya dube ni da tausayi, ya ce mata ba sa gane inji.

Sau ɗaya ya ja ni shagon da yake zuwa, wai in ga wahalar da yake sha. Mai shagon, wani siririn mutum mai suna Nunome, tun daga ƙofa yake rusunawa yana kiran Yaya gwani. Mutumin da bai taɓa danna kyamara ba. Nunome ya shimfiɗa ƙyalle, ya jera masa guda uku, Yaya ya ɗaga kowace ya kai kunne yana sauraron ƙarar ƙiftawa, ido rufe, kamar mai zaɓen kankana. Awa biyu muka yi. Muka fito da takardun talla goma sha ɗaya.

A ƙarshen Mayu ya sayi uwar. Na yi murna har na fito da kimonon Baba daga akwati na shanya. Sai aka ce mini ai uwa ba ta gani, sai da ido, shi kuma ido daban ake sayensa, kuma nan ne ainihin ilimin yake. Akwai ido mai faɗi da ke kumbura hanci, akwai dogo da ke baje fuska, akwai na tsakiya wanda aka yi musamman don hoton mutum. Na ce to a sayi na tsakiyan mana. Ashe shi ma biyu ne, kuma ɗayan ya fi ɗayan shan haske da wani abu da bai kai rabin ƙwayar shinkafa ba. A kan wannan aka kwashe watan Yuni. Baba ya koma kwano ɗaya, daga nan rabin kwano. Na ƙara wa ɗamararsa huda biyu da ƙusa ranar da ya shiga wanka.

Na gwada zagayewa. Wata safiya na ce wa Baba mu leƙa wurin Kanamori a hanyar asibiti, a ɗauki ɗaya a ajiye, ba wanda zai sani. Ya ce shi zai sani. Ya riga ya ba Masakuni aikin, kuma Kanamori surukin Nunome ne, kafin yamma gari ya ji cewa uba bai yarda da hannun ɗansa ba. Ya ce gaggawar me nake yi, gyambon ciki ne fa, ba mutuwa ba. Na ce haka ne, na shiga kicin na wanke tukunyar da na riga na wanke.

Yuli da Agusta na filasha ne. Yaya ya gano cewa hasken da ya doki fuska kai tsaye rashin tarbiyya ne, sai an harba shi cikin farar laima ya dawo a hankali. Aka sayi filasha, aka sayi laima, aka sayi sandar riƙe laima, aka sayi ƙarfe mai ƙafa uku. Sannan ya ce ba zai gwada kaya a kan Baba ba, sai ya ƙware. Ya samo kabewa, ya ɗora ta kan kujera, ya sa mata hular Baba. Ya kawo mini hotuna arba'in na kabewar nan, daga hagu, daga dama, laima kusa, laima nesa, yana tambaya wanne ya fi fito da halinta. Gaskiya kabewar ta yi kyau. Ta samu hoton jana'izarta tun da sauran ƙibarta.

Da yammar ranar na kira shi a waya daga akwatin wayar bakin titi, don kada Baba ya ji. Na ce idon Baba ya fara rawaya. Ya ce hasken Satumba ya fi laushi.

"Yaya, kana ɗakin nan ko ba ka nan, ran da likita ya yi magana?"

Sai ya kira sunana.

"Sumie, in na ɗauka fa shi ke nan. Me ya rage kuma?"

Haushinsa nake ji wata biyar, kuma haushin yana yi mini amfani, shi ke tashe ni da safe. Ban so ya ƙwace mini shi ba. Na ce masa ranar Lahadi ta uku a watan Satumba ya zo da tarkacensa, in ba haka ba in ɗauko Kanamori har gida, gari ya yi ta magana.

Ya zo. Kayan sun cika bayan mota, sai ka ce za a haska filin wasa. Ni kuma tun asuba nake aikina. Kimonon ta yi wa Baba yawa, na naɗa masa tawul uku a ciki da ƙirji kafin ta zauna. Na shafa masa hodata, na ce ai kowa haka ake yi masa saboda ƙyallin goshi. Awa biyu Yaya ya yi yana matsar da laima taku ɗaya gaba, taku ɗaya baya, Baba yana zaune a miƙe, hannu bisa gwiwa, gumi na wanke mini hodar. Da aka fara ɗauka kuwa Yaya bai ƙara ɗago kai daga bayan kyamarar ba. Fim uku ya ƙarar. Sau biyar yana tsayawa ya goge ramin leƙawa da ƙyalle, yana cewa ƙura ce, a ɗakin da na share sau biyu.

Bayan kwana goma ya dawo da hoton, babba, cikin baƙin firam, an naɗe shi da ƙyalle. Ya ce Nunome da kansa ya ce bai taɓa ganin hoton ɗan koyo mai kaifi haka ba. Na so in fara gani a ƙofa, amma Baba ya ji motar, ya kira daga ɗaki a kawo masa.

Sai a nan na yarda Yaya bai yi asarar nazarinsa ba. Idon nan na tsakiya mai shan haske ya yi duk abin da aka ce zai yi. Ana iya ƙirga gashin girar Baba. Ana ganin zaren tambari ɗaya bayan ɗaya. Ana ganin inda hodata ta tsaya a ƙasan haɓa, da fatar da ke ƙarƙashinta. Ana ganin ramin da ke gefen goshi, da wuyan da ke yawo cikin rigar, da kan tawul yana leƙowa. Farin idon kuwa, hasken laima ya shiga cikinsa a hankali, da ladabi, ya fito da rawayar tas. Tun Yuli na sauke madubin banɗaki na ce ya tsage, ni nake yi wa Baba aski. Wata uku ke nan bai ga fuskarsa ba, sai ga ta an kawo masa a firam, ta fi ta gaske girma.

Baba ya sa tabarau. Ya ɗora hoton a cinyarsa ya daɗe yana kallo. Ya ce tambarin ya fito da kyau. Ya tambayi ko wannan ce kyamarar da aka yi ta nema, Yaya ya ce ita ce. Ya ce lalle an zaɓa.

Nan Yaya ya ɓalle da magana. Wai fim ɗin ne ke jan launi zuwa rawaya, an san shi da haka. Wai masu wankin hoton ma sun cika zafi. Akwai wani gilashi da ake ɗaurawa a bakin ido yana gyara wannan, Nunome zai yi odarsa daga Osaka, mako uku kawai, sai a sake ɗauka.

"Kada ka ƙara sayen komai," in ji Baba.

Ya cire tabarau ya ninke, ya ajiye a kan gilashin hoton. Bai dube ni ba. Ɗansa ya duba.

"Kai ne babba. Wata nawa likitan ya ce?"

Yaya ya buɗe baki. Mutumin da ya yi wata shida yana yi mana bayanin nauyi da haske da nisa, ya tsaya da ƙyallen naɗe hoto a hannu, yana ninke shi gida biyu, gida huɗu, gida takwas, har ya ƙi ninkuwa. Baba ya jira shi. Ya jira shi sosai, yadda ya saba.

Daga ƙarshe ya juyo wurina, ni na faɗa masa.