Jan Daɓen Bariki

Labaran ya kwara ruwan maganin cire folish a kusurwar falon, ya ja da baya yana tari. Warin ya fi na fitsarin awaki ƙarfi, ta hanci yake shiga ya fito ta ido. Duk shekarun da ya yi a kamfanin share-share na Kaduna ba su sa ya saba da shi ba. Abokin aikinsa Sha'ibu ya ɗaure hanci da hankici, ya biyo shi da buroshi yana baza ruwan.

Tsohon bariki ne na zamanin Turawa, a bayan Sheme. Yanzu da arzikin man fetur ya ɓarke, ko kangon da jemagu suka gaji da shi sai an ba da kwangilarsa. Wannan za a mai da shi ofishin aikin gona, gobe masu manna tayil na roba za su zo. Gam kuwa ba ya kama simintin da ya sha mai, don haka dole a cire jan folish ɗin da ke daɓen kaf, kafin motar kamfani ta dawo ɗaukarsu da la'asar. Aikin ba shi da wata dabara: ka fara daga can ƙurya kana ja da baya zuwa ƙofa, ka jiƙa, ka jira ya yi laushi, ka kankare, ka wanke.

Manaja ya turo Labaran ne saboda ɗan yankin ne. Bai san cewa wanda ya yi rayuwarsa yana goge wannan daɓe mahaifin Labaran ba ne.

Tsohon yana zaune a baranda tun safe. Sunansa Ɗanhausa, Bamaguje ne, kuma shi ne mai gadin barikin da shararsa, aikin da ya gada daga nasa uban. Labaran ya musulunta a Kaduna, ya auri Barakatu a can. Tsohon bai taɓa yi masa faɗa a kai ba, sai dai tun daga lokacin hirarsu ba ta wuce gaisuwa da labarin damina.

"Kai, wannan ba folish ba ne, ƙanzo ne," in ji Sha'ibu, ya ɗago wani ɓawo a bakin ƙarfen kankarewa. "Baba, kullum kake zuba masa ne?"

"Kullum a goge," in ji tsohon. "Shekara a ƙara."

Gefen bango ya fita ba gardama. Suna matsowa tsakiya abin ya fara kauri, launinsa ya bar ja ya koma baƙi-baƙi. Sai wani wari ya taso daga ƙarƙashin na maganin, irin na bayan rumfar mahauta. Kafin rana ta take, ƙudaje sun fara shigowa ta taga, manya masu koren baya. Labaran ya san ƙuda ba ya kusantar wannan magani, ko kyankyaso gudu yake yi. Waɗannan kuwa a kan jiƙaƙƙen folish ɗin suke sauka, su yi lamo.

"Ɓera ya mutu a rufi," Sha'ibu ya faɗa ba tare da an tambaye shi ba. Ya kwashi bokitai ya nufi rijiya.

Yana ba da baya tsohon ya taso ya tsaya a bakin ƙofa. Bai taka daɓen ba.

"Labaran. Ka bar mata tsakiyan."

Labaran bai tambayi ko wace ce ba, domin ya sani. Kafin Turawa su zo, wata tsamiya ce a daidai nan, a cikinta Innar gidansu take zaune, iskar da kakanni suke ba jan zakara duk shekara kafin ruwan farko. Turawa suka sare tsamiyar suka zuba siminti. Kakan Labaran bai yi musu da kowa ba, ya je ya nemi aikin shara. Duk bazara sai ya yanka zakaran a bayan ɗakin girki, ya haɗa jinin da jan folish, ya goge tsakiyar falo da shi. Turawa suka yi ta yaba ƙyallin, har wani ya ba shi kyautar kwat.

"Baba, gam ba zai kama ba."

"Bana ban ba ta ba," in ji tsohon a hankali. "Tun watan jiya sunka amshe makulli. In kun kwashe wanda ta ci, ga na bana ba a ba ta ba, gida za ta biyo. Ba mugunta gare ta ba, yunwa ce." Ya dubi ɗansa. "Ya jikin ɗiyar tawa?"

Labaran ya san wadda yake nufi. Barakatu tana cikin watanta. Sau biyu tana haihuwa, sau biyu yana ɗaukar ɗan ƙunshi a tabarma zuwa maƙabarta kafin suna. Da asuba ya baro ta tana dafe da ƙugu, tana cewa ya tafi, ba komai. Tsoro ne ya kama shi, tsoron kuma ya fito masa a fushi.

"Ni na bar wannan, Baba. Allah ne mai rayawa, shi ne mai kashewa."

"Ban ce ba shi ba ne."

"To me ya kawo maganar matata?"

"Tambaya ni yi. Wuri kamar faifai ni roƙe ka, ba hwalon duka ba."

Sha'ibu ya dawo da ruwa, tsohon ya koma wurin zamansa. Suka ci gaba. Jan ruwa yana bin kwata yana fita ta ƙarƙashin baranda, kajin tsohon suka zo suka leƙa shi, suka juya ba su sa baki ba. Labaran ya gani, ya ce wa kansa ai warin magani ne. Sau nawa ya faɗa wa kansa haka a ranar, shi ma bai sani ba.

Da azahar Sha'ibu ya ajiye ƙarfensa ya dafe goshi.

"Jiri nake ji, wallahi. Bari in yi salla a gindin ɗorawar can, in sha iska. Taso mu je."

"Je ka, ina zuwa. In ya bushe sai mun sake jiƙawa."

Abin da ya rage da'ira ce a tsakiyar falon, ba ta fi shimfiɗar mutum ɗaya ba. Ya zuba magani ya tsuguna yana jira. Kumfa tana tashi tana fashewa da wani ɗan sauti, shiii, ta tsaya, ta sake. Kurciyoyin da suka wuni suna kuka a rufi sun yi tsit. A waje rana tana dukan kwano har yana ƙara, amma sanyi ne yake ratsa gwiwoyinsa daga ƙasa. Ya karanta abin da ya sawwaƙa, ya sa ƙarfe.

Ɓawon yana tasowa falle-falle, kowane falle shekara guda. Na sama hannun ubansa ne, na ƙasa na kakansa wanda bai taɓa gani ba. Inda simintin ya bayyana ba fari ba ne kamar na gefe, duhu ne da shi, ga tsagu sirara sun bazu daga tsakiya kamar saiwa. Ya watsa ruwan ɗauraya. A ko'ina cikin falon ruwa kwanciya yake yi sai an share. A nan kafin ya miƙa hannu ga tsumma ya shige.

Ya tsaya. Saura ɗan wuri, daidai faifan da aka roƙe shi. Zai iya bari. Masu tayil ba za su lura ba sai bayan wata da watanni, in guda ya ɗago, lokacin waye zai tuna da Labaran? Amma in ya bari ya yarda ke nan, kuma da wane baki zai je ya tsaya kusa da Sha'ibu ya ɗaga hannu ya yi kabbara? In kuma ya kankare, Barakatu tana can ita kaɗai da maƙwabciya. Ya waiwaya. Tsohon ya sake zuwa bakin ƙofa, bai ce komai ba, hannuwansa a baya.

Da ya yi magana, wataƙila da Labaran ya bari. Shirun ne ya ba shi haushi. Ya ce bismillahi da ƙarfi don a ji, ya dafa ƙasa da hagu, ya danna ƙarfen da dama.

Fallen ƙarshe ya riƙe kamar dutse. Ya ƙara ƙarfi, abin ya ɓalle gaba ɗaya, ƙarfen ya zarce ya shige gindin babban yatsansa na hagu. Bai ji zafi nan take ba. Ya dai ga jini yana bin tafin hannunsa, yana ɗiga a kan tsiraran simintin, ɗis, ɗis. Kowane ɗigo yana sauka yana shigewa, ba ya barin komai sai ɗan duhu a kan duhu. Ƙudajen suka tashi gaba ɗaya suka fice ta taga.

"Ɗauke hannunka!"

Labaran bai taɓa jin ubansa ya ɗaga murya ba. Tsohon ya faɗo falon da gudu, santsi ya kwashe shi, ya ƙarasa da rarrafe. Ya fizgi hannun ɗansa ya cusa a cikin rigarsa ya matse.

"Zakara ta sani," yake faɗi. "Zakara kaɗai. Tun kakanni ba ta taɓa jin jininmu ba. Mi ka yi, Labaran? Mi ka yi?"

Ya yage bakin rigar ya ɗaure yatsan, sannan ya ɗauki ƙarfen da ya faɗi. Mutumin da ya wuni yana roƙon a bar wurin, shi ne ya durƙusa yana kartar siminti da iyakar ƙarfinsa, yana neman jinin da ya riga ya shige. Ƙarfe yana kuka a kan dutse, gari yana tashi, tsohon yana haki yana kiran sunayen da Labaran ya yi shekaru bai ji ba.

Labaran ya buɗe baki zai ce masa yanka ne kawai, siminti ne tsoho mai shan ruwa, ba komai. Sai ya fasa. Ya dubi farin gashin kan ubansa da zufa ta jiƙa, ya miƙa hannunsa mai lafiya ya jawo ƙarfen Sha'ibu.

Da Sha'ibu ya dawo da butarsa, sai ya tarar da su biyu a durƙushe, kai da kai, a tsakiyar falon da babu sauran ja ko ɗigo.

"Ikon Allah," ya ce. "Ai wurin ya fita tas. Me kuma kuke kankarewa?"

Babu wanda ya ɗago.