Kwali Huɗu, Kotu Biyu

Mu 'yan Kano masu sayayya a Guangzhou haɗuwa muke yi mu cika kwantena guda, mutum takwas ko goma, amma suna ɗaya ake sawa a takarda, sunan wanda aka fi amince wa. A watan Maris sunan yayana Umar Faruƙ muka sa. Shi yana gida yana jiran kaya, ni ina nan ina lodi. Kwantenar ta tashi daga tashar jiragen ruwa ta Nansha lafiya lau. Da aka buɗe ta a Legas sai ga kwali huɗu na haramtattun ƙwayoyi a ƙarƙashin yadudduka. Jami'an wata hukumar tarayya suka je har shago suka tafi da Yaya, mutumin da ko goro ba ya ci.

Siton da muke tara kaya a bayan kasuwar Canaan akwai kyamara a ƙofarsa. Na sami mai siton, wani ɗan China da muke kira Laoban, wato maigida, ya yi ta juya hotuna baya har muka iso ranar lodi. Ga Alhaji Ilu nan ɓaro-ɓaro, yana nuna wa 'yan dako inda za su tura kwalayen. Alhaji Ilu fa, wanda ya fara kawo ni garin nan, wanda 'yarsa ke auren ɗan baffana.

Laoban ya ce ba zai ba ni kwafi ba sai 'yan sandan ƙasarsu sun zo da takarda, kuma na'urar da ke adana hotunan tana goge duk abin da ya wuce wata shida. Daga nan ya leƙa waje, ya rage murya.

"Aboki, zan je shan shayi. Ga wayarka nan a hannunka."

Ya fita ya bar ni da hotunan, amma ban ɗauka a wayata ba. A safiyar ranar lauyarmu Barista Hindu ta kira ni da albishir, wai alƙalin babbar kotun jiha ya umarci hukumar ta binciko mai kwalayen, ta nemi hotunan siton a hukumance. Sai na ce wa kaina, me zai sa a ce ni Abdulrasheed ne na tona wa surukinmu asiri? Hukuma ta yi aikinta, ni in tsira da mutuncina. Na kira abin kunya a lokacin, amma wauta ce tsagwaronta.

Bayan mako biyu Barista ta sake kira. Lauyoyin hukumar sun ce alƙalin jiha ba shi da hurumin ba su umarni, su na tarayya ne.

A wani gidan abinci a titin Huanshi Lu na ba abokina Tankari labari, ɗan kasuwa ne daga Maraɗi. Ya ajiye cokali.

"Tsaya, ɗan'uwa. Shi wanga alƙali, ba gwamnati ta naɗa shi ba?"

"Ita ta naɗa shi."

"Su kuma jami'an, ba na ƙasa guda ba ne?"

"Na ƙasa guda ne. Amma shi na jiha, su na tarayya."

"To mutumin da ke tsare fa, na wa ne?"

Na huce haushina a kan shinkafar da ke gabana.

Na koma sito da gudu, na ce yanzu kam zan ɗauka. Laoban ya sauya fuska. Ashe magana ta zaga, kuma Alhaji Ilu kwantena uku yake lodawa a wurinsa duk shekara. An mayar da na'urar ɗakin ciki, an sa kwaɗo. Shayi ma a kan teburinsa yake sha.

Aka shiga jayayyar hurumi. Aka ɗage zama don lauyan hukuma ya yi tafiya. Aka sake ɗagewa don fayil bai iso ba. Har yau ba wanda ya tambayi wa ya sa ƙwaya a kwantena, ana can ana tantance wa ya isa ya tambaya. A ƙarshen Yuli alƙalin ya amince ba huruminsa ba ne, a tafi kotun tarayya. Muna shigar da ƙara kotuna suka tafi hutun shekara. Ina ƙirga kwanaki a Guangzhou, raina yana tafasa, Alhaji Ilu kuma yana gaishe ni a masallaci yana cewa Allah Ya fito da Umaru.

Ranar tara ga Oktoba kotun tarayya ta ba da umarni. Barista ta ce kusan kalma da kalma irin na alƙalin farko ne. Na kai wa Laoban hoton takardar a waya. Wannan karon da kansa ya buɗe ɗakin, har da kujera ya jawo mini. Ya juya hotunan baya har ƙarshe, suka tsaya a watan Afrilu.

"Meiyou," in ji shi, wato babu.

Ina tsaye a ƙofar siton baƙuwar lamba ta shigo. Yaya ne, an ara masa waya a inda yake tsare. Muryarsa ta dushe, amma da murna yake magana.

"Abdu, an ba da umarni, ka ji? Barista ta ce ka ga mutumin da idonka. Ko sun yi jinkiri ba komai, ai na san ka. Ka ɗauka a wayarka, ko?"

Na ce, "Yaya, layin ba ya ji sosai."

"Ina jin ka sarai," ya ce. "Ka ɗauka?"